Giyar motata ta maƙale a P ta ƙi fita, don Allah a taimaka

Uwar_Biyu

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana mota ku agaza min. Motata otomatik ce ƙirar 2009, giyar ta ƙi fita daga P ƙememe. Motar tana tashi lafiya lau, injin ba wani baƙon ƙara, rediyo na yi, fitilun dashbod duk sun kawo, amma in na taka birki na danna ɗan maɓallin nan na jikin kan giyar sai in ji shi a ƙage, baya shiga ciki balle sandar ta motsa. Dama kwanakin baya takan min haka jefi-jefi, sai na saki birkin na sake takawa da ƙarfi sannan ta saki, to yanzu kam ko tsayawa na yi a kan birkin ko gezau. A daidai take ajiye ba tudu ba gangare. Wani maƙwabcinmu ya zo yana ta jijjiga sandar har sai da na ce ya bari kar ya ɓalla min, shi ya ce wai giyabos ne ya tafi sai an sauke, ni kuwa tun da na ji maganar saukewa gabana ke faɗuwa. Da gaske giyabos ne, ko akwai abin da zan iya dubawa da kaina kafin in kira janwe?

Ɗan_Totur

Wslm Hajiya ki duba man giya, in ya yi ƙasa ko ya ƙone haka take yi. Yaushe rabon da a canza miki?

Mai_Wayarin

Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, kuma don Allah kar ki bari kowa ya sake jijjiga sandar nan, ƙarfi baya fitar da ita sai dai ya fasa robobin da ke ƙasanta a koma ana neman sabon abu gaba ɗaya. Yadda kika kwatanta ɗin nan ni ban ga giyabos a ciki ba ko kaɗan, kuma ɗan'uwa Ɗan_Totur ka yi haƙuri ba maganar mai bace. Man giya in ya yi ƙasa sandar zata shiga D lafiya, motar ce zata riƙa jinkirin ɗauka ko tana zamewa ko tana fizga. Mai baya hana sanda motsi.

Abin da ke faruwa shi ne a ƙasan sandar giyar akwai wani ɗan sulunoyid, wato ɗan ƙarfe mai aiki da maganaɗisun wuta, shi ke tokare sandar a P kamar sakatar ƙofa. Ba zai janye ba sai abu biyu sun haɗu, makulli yana kunne, kuma wuta ta zo mai daga suwic ɗin birki tana cewa an taka. Shi wannan suwic ɗin yana can sama da fedar birki ƙarƙashin sitiyari, ɗan ƙarami ne da soket a bayansa da ɗan tsinke a gaba wanda ƙarfen fedar ke dannewa, kuma shi ɗin dai shi ke kunna danjar baya in kin taka. Shi yasa gwajin farko kyauta ne, ki kunna makulli ki taka birki ki sa wani ya tsaya a baya ya duba ko danja na kawowa, har da ta ukun nan ta saman gilashi ko but. In ba kowa kusa ki jira duhu ya yi zaki ga jan haske a bango ko ƙasa ta madubi. In duka ukun shiru to kusan an gama magana, ko fiyus ne ko suwic ne ko wayar da ke tsakaninsu, don da wuya kwan fitila uku su ƙone lokaci guda.

Gwaji na biyu ki kashe rediyo da fanka ki rufe gilashi, makulli a kunne amma kar ki tada injin, ki kasa kunne wajen giyar kina taka birki kina saki. Mai lafiya zaki ji wani ɗan ƙas ƙas duk takawa. In kina jin ƙas ɗin amma sanda bata fita to wuta na zuwa, matsalar ta koma can cikin gidan sandar, watau ko datti ya danƙare wajen ko wata roba ta karye, kuma abin da ya fi kawo wannan abin sha mai zaƙi ne da ya zube daga wajen ajiye kofi ya gangara ciki ya bushe ya zama danƙo, sai kuma tsabar kuɗi da fil ɗin gashi da ke faɗawa ta tsagar. In kuwa babu ƙas ɗin sam sai a bi layin wuta.

Fiyus kuma ki buɗe akwatinsa, yawanci ɗaya na gefen ƙafar direba ɗaya na cikin bonet, a bayan murfin akwai zanen da ke nuna kowanne, ki nemi wanda aka rubuta STOP. Ki zaro shi ki ɗaga a haske, siririn ƙarfen ciki in ya tsinke zaki gani da ido. Wanda zaki mayar lallai ya zama lamba ɗaya da wanda kika cire, ja 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kar wani ya ce a sa babba wai ya fi ƙarko ko a naɗa waya a wajen, wannan hanyar ƙona wayarin mota ce. In kin sa sabo ya sake ƙonewa da kin taka birki to akwai inda waya ke taɓa bodi, sai an bi an nemo.

Amma ni abin da ya ja hankalina a maganarki shi ne da kika ce da can sai kin sake takawa da ƙarfi take saki. Fiyus baya wasa da mutum haka, in ya tafi ya tafi. Suwic ne ke fara yi yau ya ƙi gobe kafin ya mutu gaba ɗaya, don haka ni shi nake zargi tun kafin a duba.

Yanzu yadda zaki fitar da ita ki kai gareji ba janwe. Ki duba kusa da sandar giyar, akwai wani ɗan murfin roba ƙarami bai kai farcen babban yatsa ba, wasu motocin ma maɓalli ne a fili an rubuta SHIFT LOCK a kai. Ki fara jan birkin hannu sosai, ki taka birkin ƙafa kar ki saki, ki ɓalle murfin da bakin sukundireba mai faɗi, in kina gudun ƙarce robar ki naɗa ƙyalle a bakin, sai ki zura makulli ko sukundireban a ramin ki danna ƙasa, kina danne ki ja sandar zuwa N. Otomatik tana tashi a N kamar yadda take tashi a P, sai ki tada ta a nan ki sa D. Sai dai ki sani in danjarki bata kawowa na bayanki bai san kin tsaya ba, don haka daga gida sai gareji, da rana, a hankali, ba wai a mayar da ramin nan hanyar sa giya ta kullum ba.

Uwar_Biyu

Kai Malam Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi a raina. Na sa yarona ya tsaya a baya ya ce ba abin da ke kawowa ko ta saman, ƙas ɗin ma ban ji ba. Fiyus na STOP ja ne na ciro na duba lafiyarsa ƙalau bai tsinke ba. Murfin ma na gan shi, ashe kullum ina kallonsa na ɗauka ado ne, na danna da makulli sandar ta zo N sumul ba wani ƙarfi. To yanzu suwic ɗin kenan? Kuma in na kai gareji me zan ce musu, don na san da sun ga mace zasu fara lissafo min abubuwan da ban zo da su ba.

Tsohon_Direba

'Yata tunda sandar ta zo N ba gardama to giyabos ɗinki lafiya yake, ki gode Allah. Naki an gano shi, amma bari in ƙara wani abu saboda masu karatu don ba kowace maƙalewa bace ta wuta, akwai wadda mu direbobi ke jawo wa kanmu da hannunmu.

Ita P ɗin nan ba birki bace. A cikin giyabos akwai wani ɗan ƙarfe mai baki kamar ƙugiya, in ka sa P sai ya faɗa tsakanin haƙoran wani gargare da ke haɗe da shaf ɗin da ke juya tayoyi, shi kenan abin da ke riƙe motar. To mutum zai zo kan gangare ya sa P ya ɗage ƙafa daga birki bai ja birkin hannu ba, zaka ga motar ta ɗan yi gaba ko baya ta tsaya cak tana rawa, wannan tsayawar nauyin motar ne kacokan ya hau kan ɗan ƙarfen nan. Gobe ka zo fita sanda ta yi tauri, in ta fita ka ji gam da ƙarfi daga ƙasa, in gangaren ya yi yawa ko motar da kaya ta ƙi fita ma sam. Yadda zaka bambanta shi da irin na 'yata, a nan maɓallin kan giyar yana dannuwa, ƙas ɗin da Malam ya faɗa ana ji, danja na kawowa, sandar ce kawai ta yi nauyi, kuma ko ka danna ramin nan ba abin da zai canza don ba sakatar sama ce ta riƙe ba. Maganinsa a rage wa ƙarfen nauyi, direba na ciki ƙafarsa a kan birki injin na aiki, mutane su tura motar ta ɓangaren tudu ɗan kaɗan ko da tsawon yatsa ne, yana ɗan sassauta birkin daidai lokacin da suke turawa ya ja sandar, yana jin ta fita ya danne birki. Kuma masu turawa su yi hankali don su ne a ƙasan gangaren, a sa waji a bayan taya tukuna, in babbar mota ce gara a samu wata ta ɗan ja ta da igiya ta sama maimakon mutane su shiga ƙarƙashin nauyinta. Haka ma in mutum ya yi fakin taya ta matse da dakalin gefen titi ko wani ya zo ya jingina motarsa da taka, duk abu ɗaya ne.

Ni yadda nake koya wa yara, ka tsaya ƙafarka na kan birki, ka sa N, ka ja birkin hannu, ka ɗage ƙafa a hankali har ka ji motar ta zauna a kan birkin hannun, sannan ka sake takawa ka sa P. Yaran yanzu sun ɗauka birkin hannu na masu manuwal ne, wasu tun da suka sayi mota basu taɓa ja ba har kebul ɗinsa ya yi tsatsa ya ƙage, ranar da ake buƙatarsa a ja ya ƙi ko ya kama ya ƙi saki.

Kuma wannan kullewar da ke ba mutane haushi ba don mugunta aka sa ba. Tsofaffin otomatik ba su da ita, kana ja take fita ko ba birki. A shekarun 1980 ne aka yi ta ƙorafi a Amurka kan Audi 5000 wai tana zabura da kanta in an sa giya, kamfanin ya kira motocin a 1987 ya sa musu abin da ke hana fita daga P sai an taka birki, daga baya binciken hukumar kiyaye haɗurra ta can ya nuna yawanci ƙafa ce ke sauka kan totur mutum yana zaton birki ne. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zama doka a can daga Satumban 2010 duk sabuwar ƙaramar mota otomatik sai da shi, musamman saboda yara da ke shiga mota suna wasa da sanda ta gangara da su. Shi yasa in na ji bakanike ya ce bari in cire miki sulunoyid ɗin ki huta, raina ɓaci yake, ke da kike da yara ma kar ki yarda.

Oga_Bakanike

Baba ya gama magana. Hajiya in kin je kar ki ce musu giya ta lalace, da kin faɗi haka kin buɗe ƙofa. Ki ce danjar birki bata kawowa, fiyus lafiya, a gwada min suwic ɗin birki, kuma aikin mai wayarin ne ba na mai giyabos ba. Ki tsaya a wajen ki ga ya sa fitilar gwaji ko mita a soket ɗin, waya ɗaya dole a samu wuta ko ba a taka ba, ɗayar kuma sai an taka wutar ke fitowa. In ta shiga bata fita ba suwic ne, in tun farko bata shigo ba to matsalar tana baya tsakanin fiyus da soket, canza suwic ba zai yi komai ba. Aikin baya ɗaukar lokaci, wahalarsa kawai kwanciya a ƙarƙashin sitiyari.

Wani abu da ban ga an taɓo ba, suwic na motoci da yawa ƙafa huɗu gare shi, layi biyu ne a ciki, ɗaya na fitila ɗaya na zuwa kwamfutar mota, to yana yiwuwa danja ta kawo ras amma ɗaya layin ya mutu giya ta ƙi fita, don haka wanda ya ga danjarsa na kawowa kar ya ce ya wanke suwic ɗari bisa ɗari, sai an sa sikana, wato na'urar da ke karanta kwamfutar mota, an ga ko kwamfutar na ganin takawar. Sannan batir, in ya yi sanyi sosai sulunoyid ɗin baya samun ƙarfin janyewa, lafiyayyen batir a kashe wajen 12.6 yake nunawa, in ya faɗo ƙasa da 12 ya yi rauni, kuma kan batir in ya yi farin gari ko ya yi sako-sako shi ma yana kawo irin wannan rikicin. Na Hajiya dai ba shi bane tunda tana tashi da bugu ɗaya.

Sai kuma akasin wannan, wanda mutane ke haɗa su alhali daban suke, sanda tana yawo sakayau daga P har ƙasa ba nauyi amma motar na nan a P ko harafin dashbod baya canzawa. Wannan kebul ɗin giya ne ya fita, yawanci ɗan bushin roba da ke bakinsa ne ya ruɓe ya zube, shi ma ba a sauke giyabos a kansa. Sabbin motocin nan masu giyar murɗawa ko ta dannawa kuwa babu kebul ma sam, waya ce da kwamfuta, in batir ya mutu ba zaka ga ramin nan a gefen sanda ba, kowane kamfani da inda ya ɓoye nasa abin sakin, wani a ƙarƙashin wajen kofi wani a cikin bonet wani sai an shiga ƙasan mota, littafin motar ne kawai zai gaya maka. Kuma ko me ake ciki kar a ja mota tana P tayoyin da ke ja suna ƙasa, ko a ɗaga su ko a ɗora ta gaba ɗaya a bayan janwe, in ba haka ba giyabos ɗin da ake gudun saukewa sai an sauke shi da gaske.

Sabon_Shiga

Ku yi haƙuri in ɗan raɓa a nan, ni tawa kamar juyin ta Hajiya ce. Danjar birki ce ta ƙi mutuwa ko na zare makulli tana nan a kunne, da safe na tarar batir ya mutu giya ta ƙi fita, da aka haɗa min da wani batir ta tashi giyar ta fita amma danjar har yanzu tana kunne, yanzu sai na cire kan batir nake kwana. Shi ma suwic ɗin zan canza?

Mai_Wayarin

Ɗan'uwa kafin ka sayi komai ɗaga kafet ɗin ƙafar direba ka duba, in ka ga ɓaraguzan wata 'yar roba ko filastik kamar maɓallin riga ya farfashe to ka ga ɓarawon. A jikin ƙarfen fedar birki daidai inda tsinken suwic ke taɓawa akwai ɗan rami da wannan robar ke toshewa, ita ke danne tsinken in ka saki birki fitila ta mutu. In ta tsufa ta zube sai tsinken ya riƙa wucewa ta cikin ramin ba abin da ke danne shi, motar na ganin kamar kullum ƙafarka na kan birki, shi ne danja ke kwana a kunne ta shanye batir. Ka haska da fitilar waya zaka ga ramin a buɗe. Ana sayar da robar ita kaɗai, ka taka fedar da hannu ka cusa ta a ramin ta zauna, kafin ka samu ma ɗan ƙaramin ƙusa mai faɗin kai da noti yana riƙewa na ɗan lokaci in ya zauna daidai. Kar ka ja abin da nisa don a wannan halin da makulli a kunne giyarka zata iya fita daga P ba tare da an taka birki ba, kuma na bayanka ba zai gane lokacin da ka taka da gaske ba. In ka leƙa ka ga robar na nan lafiya to ko suwic ɗin ya goce daga saitinsa ko ya narke a ciki ya manne, zare soket ɗinsa ka gani, in danja ta mutu shi ne, in bata mutu ba akwai inda wuta ke tsallakowa a wayarin.

Hajiya ke ma in an sa miki sabon ki ce a saita shi, wasu murɗawa ake da noti wasu turawa ake a juya ya kulle. Kafin ki bar wajen ki sa a duba a gabanki, danja ta kawo da kin ɗan taɓa fedar ba sai ta kai ƙasa ba, ta mutu da kin saki, sannan ki gwada jan sandar ba tare da birki ba ki tabbatar ta ƙi, ki taka ki ji ƙas ɗin ta fita. Ɗan murfin da kika ɓalle ki mayar da shi wajensa don kar datti ya riƙa zuba ta nan.